Gashin Ciwon Daji: Inji da Masu Sarrafa Shi

Gashi yana cikin manyan hanyoyi uku na maganin ciwon daji, tare da tiyata da magungunan da ake sawa ta jijiya. Wani haske ne mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani, ake saitawa a kan ƙarin don ya lalata ƙwayoyin cutar su kasa hayayyafa. Majinyaci ba ya jin zafi a lokacin, kuma kwanciyar 'yan mintoci ce, sai dai ana maimaita ta daga Litinin zuwa Juma'a, makonni a jere. Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi. A Najeriya kuwa ana samun sababbin masu cutar fiye da 120,000 kowace shekara, kuma sankarar mama da ta mafitsarar maza da ta bakin mahaifa su ne kan gaba.

Shekara da shekaru, Bakatsinen da aka rubuta wa gashi sai ya yi guzuri. Mota ta fita ta Ƙofar Kaura ta nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙasa na Abuja. Wasu kuma su yi yamma zuwa asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Bayan kuɗin magani ga na masauki, ga abincin mai jinya, ga sana'a an baro a gida. Injunan ƙasar kaɗan ne, sun kuma sha tsayawa, don haka mutane da yawa kan dawo ba su gama ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da kafa cibiyoyin ciwon daji shida, kuma a watan Yulin 2025 aka buɗe ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, lokacin Farfesa Muhammad Ali Pate yana ministan lafiya.

Amma inji shi kaɗai ba ya warkar da kowa. Likitan gashi ne ke duba hoton jiki, ya zana iyakar ƙarin, ya yanke yawan hasken da kwanakin da za a raba shi. Masanin kimiyyar haske yana lissafi yana gwada injin, domin in hasken ya gaza cutar ta dawo, in ya zarce ya ƙona lafiyayyen nama. Sannan ga ma'aikacin da ke kwantar da majinyaci daidai yadda ya kwanta jiya, ga injiniya. Likitan gashi sai ya ƙara shekaru yana samun horo bayan digirinsa, kuma a Najeriya galibi shi ne dai ke rubuta magungunan jijiya. 'Yan kaɗan ɗin da aka horar ma ƙasashen waje na zawarcinsu.

A nan ne hannun ƙwararrun duniya ya fi amfani. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, mai hedikwata a Biyana, ta kafa shirin yaƙi da ciwon daji a 2004, ta ƙara da shirin Rays of Hope a Addis Ababa a 2022. Da taimakonta Nijar ta buɗe sashen gashinta na farko a Yamai a 2021. Wani aikinta da ba a cika jin labarinsa ba ya faro tun 1969: tana aika wa asibitoci ƙananan ma'aunai, a haska su da injin, a mayar mata ta tabbatar ko lissafin asibitin daidai ne. Irin wannan ya fi kyautar injin da babu mai gyara shi. Ko zaɓin injin ma shawara yake so. Mai amfani da sinadarin kobal yana da juriya, amma ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni. Na zamani ya fi iya saiti, sai dai ba ya haƙuri da ɗauke wuta.

Bincike ma ya rage wa talaka wahala. Gwaje-gwajen da aka yi a Birtaniya sun nuna cewa gashin sankarar mama sau 15 cikin mako uku yana aikin sau 25 cikin mako biyar, kuma sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna sau 5 kan wadatar da wasu. Inda inji ɗaya ke ɗauke da jihohi, wannan yana rage layi da kuɗin masauki. Sankarar bakin mahaifa ita ba ta son jinkiri: ana haɗa gashin waje da na ciki, a gama cikin mako takwas.

Babban cikas har yanzu shi ne zuwa a makare. Camfin nan cewa daji ba ya son ƙarfe yana tsare mutane wajen masu saƙe-saƙi har cutar ta bazu. Ko a nan gashi bai rasa amfani ba, domin yana tsayar da zubar jini, kuma sau ɗaya tak kan sauƙaƙa raɗaɗin ƙashin da cutar ta kama.