Tantanin Batirin Haidirojin: Aikin Zafi da Laima a Kansa

Akwai wani irin batir wanda ba a yi masa caji, sai dai a riƙa shayar da shi iskar haidirojin. Muddin yana samunta yana ba da lantarki, ba ya kuwa zubar da kome sai ruwa da zafi. William Grove, mutumin Birtaniya, shi ya nuna dabarar a 1839. Irin wanda za mu yi magana a kansa kuwa, a kamfanin General Electric na Amurka aka ƙago shi wajen 1955, har aka sa shi cikin kumbon Gemini a 1965.

Ran wannan batir yana ga wani tantani na roba, mai kaurin takarda ko ƙasa da haka, wanda ya raba cikinsa ɗaki biyu: haidirojin a wannan, iskar da muke shaƙa a wancan. An shafe fuskarsa da filatinam, shi ke tsaga haidirojin gida biyu, watau furoton da ilektaron. Tantanin ya bar furoton ya ratsa, ya tare ilektaron, tilas ya kewaya ta waya. Kewayen nan shi ne lantarkin. Tantanin da ya fi shahara sunansa Nafion.

To, furoton ba ya ratsawa sai ta ruwa. Cikin tantanin akwai 'yan magudanai waɗanda ido ba ya gani. In sun jiƙa, furoton ya wuce kamar kwalekwale a Kwara, in sun ƙafe ya tsaya cik, lantarki ya ragu. Amma in ruwan ya wuce kima sai ya toshe kafofin da iska ke shiga, batir ya shaƙe. Zafi ma haka. Galibi ana aiki da shi tsakanin digiri 60 da 80, gama zafi na gaggauta aikin, amma shi ne kuma ke kwashe ruwan.

Bari mu ɗauka an kawo shi Dole Kaina, can bakin Kwara inda kogin ya shigo Nijeriya, kusa da iyakar Benin. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, ga ƙura. Da bazara zafi ya kan haura digiri 40, sanyaya batirin ya yi wuya, tun da iskar da za a fifita shi da ita kanta zazzafa ce. Da damina laima ta cika ko'ina. Makaɗa sun daɗe da sanin wannan: fatar ganga ta kan saki da damina har sai an shanya ta ko an gasa, da hunturu kuwa ta ɗaure har ta nemi fashewa.

A ganinmu nan haɗarin yake, ba ga zafi kaɗai ba. Tantanin ya kan kumbura in ya sha ruwa, ya motse in ya bushe, alhali an matse gefunansa, ba shi da wurin miƙewa. Yau kumbura, gobe motsewa, har ya yi tsaga ko 'yar huda. Ta nan haidirojin ke haɗuwa da iska kai tsaye, wurin ya ɗau zafi, hudar ta ƙara faɗi.

Saboda haka masu ƙira su kan sa wata na'ura mai karɓar laimar da batirin ya fitar ta mayar wa iskar da ke shiga, su kuma saƙa wa tantanin raga a ciki don rage kumburi. Wanda za a kai ƙasa irin wannan, sai an ƙara masa matatar ƙura, a kuma girke shi a inuwa.