Yadda Ya Kamata Akawu Ya Kira Masu Zuwa Ofis

A Kiyawa, kamar sauran ƙasar Hausa, yaro ba ya kama sunan babba gatsau. Uwa ma takan sakaya sunan ɗanta na fari don kunya, mace kuwa ba ta faɗin sunan maigidanta.

To, tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa cikin 1991, ofisoshi da bankuna sun yawaita, masu zuwa kuma sun ƙaru. Sai ka ga dattijo mai furfura ya taso tun daga Shuwarin, saurayin da bai kai ɗansa ba ya dubi kwamfuta ya ƙwala masa kira da sunan yanka. A Amurka wannan sakin fuska ne, amma a nan raini ne. Wanda aka raina kuwa yakan haɗiye buƙatarsa ya koma gida, ba ya marmarin dawowa.

Ba mu ce a bar kiran suna ba, gama masu suna ɗaya suna da yawa, kada a miƙa wa wani kuɗin wani. Abin da mu ke roƙo shi ne a fara da gaisuwa, sa'an nan a gabatar da Malam ko Malama, Baba ko Inna. Wanda ya sauke farali a ce Alhaji ko Hajiya, mai sarauta a kira shi da sarautarsa.

Malaman makaranta, ku koya wa yara wannan tun suna aji, don akawunan gobe a hannunku su ke. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.