Shin Tsawon Yarinya Yana Tsayawa Da Zarar Ta Fara Al'ada?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin asambule ya san tsarin: gajeru a gaba, dogaye a baya. A aji ɗaya na ƙaramar sakandare, sau da yawa 'yan mata ne ke zarce maza sa'o'insu tsawo. Kafin a kai aji ɗaya na babbar sakandare, sai labari ya sha bamban. Yaron da jiya yake iya kafaɗarki, yau sai kin ɗaga kai za ki kalle shi, ke kuma siket ɗin da aka ɗinka miki bara har yanzu yana nan daidai idon sawu.

A nan ne maganar da ake yawan yi a ɗakin kwanan ɗalibai da zauren Islamiyya take shigowa, wai da zarar yarinya ta ga jinin al'ada, tsawonta ya tsaya ke nan. Wasu 'yan matan har ɓoye damuwarsu suke yi, musamman waɗanda suka fara tun suna shekara 10 ko 11, suna ganin sun zama gajeru har abada.

Amsar a taƙaice ita ce a'a, bai tsaya ba. Sai dai gudunsa ya ragu. Yawancin 'yan mata suna ƙara santimita 5 zuwa 7 da ɗoriya bayan al'adar farko, wato inci 2 zuwa 3. Idan kina son ganin abin da ido, ɗauko ƙaramar rula ta cikin akwatin kayan lissafinki mai santimita 15. Kusan rabinta ke nan.

Tsawo ne yake riga al'ada zuwa

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, al'ada ba ita ce farkon balaga ba. Tana zuwa ne bayan an ci fiye da rabin tafiyar. Alamar farko ga yawancin 'yan mata ita ce ƙirgar dangi, kuma daga nan zuwa al'adar farko akan ɗauki kimanin shekara biyu zuwa biyu da rabi.

A cikin wannan tsakanin ne jiki yake yin babban tsallensa. Kafin balaga, yarinya takan ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara. Idan tsallen ya kai ƙololuwa, takan ƙara kusan santimita 8 a shekara guda. Lokacin ne iyaye suke ƙorafin takalmi ya matse, hijabi ya ɗage, kayan makaranta ba sa kai ƙarshen zango.

Wasu likitoci biyu na Ingila, William Marshall da James Tanner, sun bibiyi 'yan mata 192 suna auna su lokaci bayan lokaci, suka fitar da sakamakon a shekarar 1969. Sun nuna cewa al'adar farko tana zuwa ne bayan wannan ƙololuwar ta wuce. Shi ya sa ranar da yarinya ta fara al'ada, ta riga ta samu kusan kashi 95 cikin 100 na tsawon da za ta yi a rayuwarta. Abin da ya rage shi ne cikon, kuma yakan zo a hankali cikin kimanin shekara biyu, mafi yawansa a shekarar farko.

Wadda ta fara da wuri ta fi sauran tafiya

Ga albishir ga mai fargabar ta fara da wuri. A jihar Ohayo ta Amurka an gudanar da wani dogon bincike mai suna Fels, wanda aka fara tun 1929, inda aka riƙa auna mutane daga haihuwa har girma. Alƙalumansa sun nuna matsakaicin ƙarin da ake samu bayan al'ada ya kai kusan santimita 7. Amma waɗanda suka fara suna shekara 10 sun ƙara kusan santimita 10, su kuma waɗanda suka fara suna shekara 15 sun ƙara kusan 5.

Dalilin a fili yake. Wadda ta jinkirta ta riga ta tara tsawonta kafin al'adar ta zo, saura kaɗan ya rage mata. Wadda ta yi sammako kuwa da sauran rata a gabanta. Gaskiya ne cewa idan aka yi jimilla, masu jinkiri sukan ɗan ɗara masu sammako tsawo a ƙarshe, amma bambancin bai taka kara ya karya ba. Kuma duk waɗannan alƙaluma matsakaici ne. Wata za ta ƙara santimita 3 kawai, wata ta haura 10, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau.

Me yake faruwa a cikin ƙashi?

Kusa da bakin kowane dogon ƙashi, kamar na cinya da ƙwauri da hannu, akwai wani siririn faifai na guringuntsi. A nan ne tsawo yake fitowa: guringuntsin yana hayayyafa, sabon da ya fito yana tura ƙashin gaba, tsohon kuma yana ƙanƙarewa ya zama ƙashi.

Sinadarin da ke kawo siffofin mace, wanda likitoci ke kira istirojin, aiki biyu yake yi a wannan faifai. Da farko, lokacin da yake kaɗan a jini, yana zaburar da girma, shi ne tsallen da muka ambata. Da ya yawaita, sai ya fara tsofar da faifan har ya rufe, ya zama ƙashi tsantsa. Daga ranar da ya rufe, babu wani abinci ko magani ko motsa jiki da zai sake buɗe shi. Likita yana iya ganin ko ya rufe ta hanyar ɗaukar hoton ƙashin hannun hagu da wuyan hannu.

Gaɓoɓi ba tare suke girma ba. Tafin ƙafa da hannu ne suke fara gaba, sai ƙafafu, sannan gangar jiki ta biyo baya. Don haka yawancin abin da za ki ƙara bayan al'ada daga ƙashin baya zai fito. Kina iya lura cewa lambar takalminki ta tsaya, amma rigarki tana ɗagewa.

Su kuma maza, nasu tsallen yana farawa ne kimanin shekara biyu bayan na mata, kuma ya fi ƙarfi. Wannan ne ya sa suke kamo ku su wuce, har a ƙarshe matsakaicin bambancin da ke tsakanin namiji da mace baligai ya zama kusan santimita 13.

Gwada wannan lissafin a gida

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kaso mafi girma na tsawon mutum gado ne, kuma likitocin yara suna da wani lissafi mai sauƙi na hasashe. Ki cire 13 daga tsawon Baba a santimita, ki haɗa abin da ya rage da tsawon Mama, sannan ki raba biyu.

Misali, idan Baba yana da santimita 172, Mama tana da 160: 172 a cire 13 ya zama 159, a haɗa da 160 ya zama 319, a raba biyu ya ba da 159.5. Tsawonki na ƙarshe zai iya kasancewa sama ko ƙasa da wannan da kusan santimita 8 da rabi. Hasashe ne, ba hukunci ba. Idan ma iyayen sun taso cikin ƙarancin abinci, 'yarsu da ta samu kulawa tana iya zarce lissafin.

In kina son bin diddigin kanki, ki tsaya ba takalmi, ba ɗauri ko gammon kitso, diddige da baya su taɓa bango, a ɗora littafi a kanki a yi alama da fensir. Ki maimaita bayan wata shida, kuma a lokaci guda na yini, domin mutum ya fi tsawo da safe da kusan santimita ɗaya saboda ƙashin baya yana ɗan matsewa idan an wuni a tsaye. Idan shekara ta zagayo ba ki ƙara santimita ɗaya ba, to kin kusa kai naki.

Abin da ke hannunki

Gado yana shata iyaka, amma abinci da lafiya ne suke kai mutum ga iyakar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya haura rabi. Shekarun balaga su ne dama ta ƙarshe da jiki yake da ita ta gina ƙashi da sauri, saboda haka ba lokacin wasa da ciki ba ne.

Ba sai an je kantin zamani ba. Wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi da nama suna gina jiki. Nono, kindirmo da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna ba ƙashi sinadarin kalsiyam. Tunda kuma yanzu kina rasa jini duk wata, buƙatarki ta sinadarin ƙarfe ta ƙaru: hanta, wake, zogale, alayyahu da sauran ganyaye su zama abokanki. Lemo ko gwaiba bayan abinci suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin, shayi kuwa yana hana shi, don haka ki ba da rata tsakanin abinci da kofin shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba 'yan mata masu al'ada ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako a wuraren da ƙarancin jini ya yawaita. Ki tambayi ma'aikaciyar lafiya a asibitin unguwarku.

Barci ma yana cikin lissafi. Masana sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma. Wayar da ake dannawa har ƙarfe ɗayan dare tana cin wannan rabon.

Sannan ki yi hattara da masu tallar maganin ƙara tsawo a TikTok da Facebook. Babu ƙwaya ko garin da zai ƙara wa lafiyayyar yarinya tsawo fiye da abin da jikinta ya tanada. Haka kuma wadda ta daina cin abinci don neman siranta a waɗannan shekaru tana cutar ƙashin da zai ɗauke ta har tsufa.

Saƙo ga iyaye da malamai

Akwai wani girma da ba a gani a jikin bango. Ƙashin ƙugu, inda jariri yake bi ya fito, yana ci gaba da buɗewa har bayan tsawo ya kusa tsayawa. Yarinya tana iya kai tsawon mahaifiyarta alhali ƙugunta bai kai ba. Idan ciki ya shiga a wannan lokaci, ita da ɗan tayin suna rabon abinci guda, kuma haɗarin doguwar naƙuda yana ƙaruwa. Doguwar naƙudar da ba a kai asibiti da wuri ba ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, lalurar da ake yi wa mata aiki a kanta a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina.

Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. Farfesa Kelsey Harrison ya yi nazarin haihuwa 22,774 a Zariya, aka buga sakamakon a 1985. A wani ɓangare na aikin, an ga 'yan mata masu cikin fari, 'yan shekara 13 zuwa 16, suna ƙara tsawo suna ɗauke da cikin, musamman waɗanda aka ba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini. Ma'ana, jikinsu bai gama nasa ginin ba aka ɗora masa ginin wani. Ganin jini alama ce ta balaga, amma ba shaida ba ce ta cewa jiki ya kammala.

Yaushe za a ga likita?

A kai yarinya asibiti idan ƙirji ya fara fitowa kafin shekara 8, domin balagar da ta yi sammako sosai tana iya rufe faifan girma da wuri, kuma akwai maganin da ke jinkirta ta. Haka nan idan ta kai 13 babu wata alamar balaga, ko ta kai 15 ba ta ga al'ada ba. Sai kuma idan ta yi nisa ƙasa da sa'o'inta da lissafin gidansu, ko jinin yana zuba da yawa har tana jiri da kasala. Masu cutar sikila sukan yi jinkirin balaga da girma, kuma da yawansu suna ci gaba da tsawo bayan sa'o'insu sun tsaya, don haka su riƙa tattauna batun da likitansu.

Ke kuma ƙanwata da kika fara al'ada a wannan zangon, yi alamarki a bango yau, ki rubuta kwanan wata a gefe. Ki ci abinci, ki yi barci, ki shiga wasannin makaranta. Bayan wata shida ki koma ki duba, akwai yiwuwar fensirin zai hau sama. Ko da kuma a sahun gaba kika ƙare a layin asambule, babu jarrabawar da ake tambayar santimita kafin a ba da sakamako.