Gajiyar gada: yadda rodin zaren gilashi ke jure zirga-zirgar manyan motoci

Duk lokacin da tayar tirela ta taka doron gada, kankaren yakan ɗan lanƙwasa sannan ya miƙe. Idan hakan ya maimaitu sau miliyoyi, ƙananan tsage kan bayyana a ƙarƙashin doron, su yi ta faɗaɗa har su haɗe da juna. Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira gajiya: nauyin da bai isa ya karya gada a karo ɗaya ba yakan cinye ƙarfinta sannu a hankali.

Ruwa yana ƙara tsananta lamarin. Idan ya bi tsagen ya kai ga rodin ƙarfe, musamman ruwa mai gishiri irin na gaɓar Legas, sai ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura, ta fasa kankaren daga ciki.

Don kauce wa haka aka ƙirƙiro rodin da ake yi da zaren gilashi ko na kabon, a haɗe shi da danƙon roba. Ba ya tsatsa, kuma nauyin na gilashin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfe ba. An yi amfani da irin wannan zare a wata gada a birnin Dusseldorf na Jamus a 1986, Kanada ma ta gina gadoji da shi a 1997.

A ɗakunan gwaji, akan danna doron da injin kimanin sau miliyan 2, a auna faɗin tsage da yawan lanƙwasawa. Binciken da aka yi a Japan ya nuna cewa taya mai tafiya ta fi nauyin da ke dannawa a wuri guda ɓarna.

Sai dai rodin gilashi ya fi ƙarfe saurin miƙewa, don haka tsagen kan fi faɗi, kuma idan zai tsinke ba ya lanƙwasawa ya yi gargaɗi. Shi ya sa jagorar da cibiyar kankare ta Amurka, ACI, ta fitar a 2015 ta taƙaita nauyin da ke maimaituwa a kansa zuwa kashi 20 cikin 100 na ƙarfinsa. Ko da wane rodi aka gina gada, lodin da ya wuce ƙa'ida yana gajarta rayuwarta.