Batirin sola: lambar da ke jikinsa ba duka ce taka ba

A Zongon Parakou da Djougou, masu shago da dama sun koma ga hasken rana don wutar SBEE ba kullum take tsayawa ba. Sai dai kukan da aka fi ji shi ne batir ya mutu bai cika shekara ba. Galibi tun wurin saye aka yi kuskure.

Kafin a je kasuwar Arzèkè, a fara lissafa abin da za a kunna da dare. Misali, ƙwan fitila 3 masu wat 10 na awa 5 sun ci 150. Fanka mai wat 40 ta awa 6 ta ci 240, talabijin mai wat 60 na awa 4 ma 240. Jimla 630 ke nan. A ƙara kashi 20 cikin ɗari saboda asarar da inbata ke yi, ya zama kusan 750. A raba da bolt 12, an samu Ah 63.

Nan ne mutane ke faɗawa. Batirin dalma, na ruwa ne ko na gel, rabin abin da aka rubuta a jikinsa kawai ya kamata a sha. Mai Ah 100, naka 50 ne. In ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare, ba zai daɗe ba. Don haka shagon nan yana buƙatar Ah 126, wato a sayi mai 150. In ana son ya jure yinin hadari na watan Agusta, sai a ninka. Lithium yana ba da kashi 80 ko fiye, ga shi yana daɗewa, amma tsadarsa na korar mai ƙaramin jari.

Batirin mota kuwa, ko da araha, an yi shi ne don tada inji na 'yan daƙiƙu, ba don kwana yana aiki ba.

Sai zafi. Ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi, alhali a Maris da Afrilu zafin arewacin Benin kan kusanci 40. A ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da kwanon rufi. Kada a haɗa tsoho da sabo. A kuma ɗaga shi kafin a biya: mai Ah 100 na gaske yakan kai kilo 30, wanda ya yi sakayau dalmarsa ba ta cika ba.