Kwanon Matashi Yana Faɗin Abin da Bakinsa Ya Ɓoye

A Cirozerin, garin da kamfanin SONICHAR ke haƙar gawayi yana ba Arlit da Akokan da Agadas wutar lantarki, in aka tashi zancen lafiya, ƙura da ruwan sha ake fara ambata, sai tamowar ƙananan yara. Duk suna da hujjarsu. Sai dai akwai rukunin da ya faɗa tsakani, wato 'yan shekara 10 zuwa 19, waɗanda sun wuce awon jarirai a likita, ba su kuma isa a saurari kukansu kamar manya ba. A wannan tsakanin ne mutum ke tara kusan rabin nauyin da zai girma da shi, ƙashi na yin ƙwari, ƙwaƙwalwa na ci gaba da ginuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu waɗannan shekaru yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan matsaloli sun riga sun soma kafin a wuce shekara 14. Hujjata ita ce, cin abincin matashi da halin zuciyarsa a ɗaure suke, don haka sauyin da aka gani a kwanonsa batun lafiya ne tun kafin ya zama batun tarbiyya.

Mu fara da jini. Kusan rabin matan Nijar masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma babban dalilinsa rashin sinadarin ƙarfe ne. Yarinyar da ta fara al'ada tana rasa shi kowane wata alhali jikinta na tsaka da girma, ga shi kuma kimanin kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan ƙasar ana aurar da su kafin shekara 18, ciki ya zo ya tarar da jikin da bai gama biyan bashin kansa ba. A garuruwan ma'adinai abinci ya karkata ga shinkafa da maka da burodi, masu cika ciki ba tare da gina jini ba. Shayin nan mai kauri da ake dafawa zagaye uku a fada yana ɗauke da sinadarin da ke hana hanji tsotse ƙarfen da ke cikin gero da wake, in an sha shi da gama cin abinci. Sakamakon shi ne kasala, jiri, saurin fushi da kasa riƙe karatu, waɗanda malami a lakkwal zai kira lalaci, uwa ta kira taurin kai. Yarinyar da ta kamu da cin farar ƙasa ko taunar ƙanƙara ma, sau da yawa jininta ne ya yi ƙasa, gwaji take buƙata kafin faɗa.

Sai matsin da ido ke sawa. A yankin nan an daɗe ana ɗaukar cikar jiki a matsayin kyau da alamar hutu, har wasu al'ummomi sun yi al'adar ɗura wa 'yan mata madara da fura kafin aure. Yau ɗuren ya koma ƙwaya. Magungunan da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe galibi deksametazon ne ko siproheptadin. Na farkon yana kumbura fuska, ya tara ruwa a jiki, ya jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi, ya hana barci, ya birkita tunani, kuma barinsa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha haɗari ne. A ɗaya gefen, wayar hannu ta kawo wani ma'aunin kyau, sai ka ga yarinya tana ƙin abinci ko tana tilasta wa kanta amai. Samari ma ba su tsira ba: tun da aka buɗe haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, da yawa sun saba yini kan shayi da taramol, wanda ke kashe jin yunwa da gajiya. Mai neman ƙiba da mai gudunta ciwonsu ɗaya, kowacce an koya mata ƙin jikin da Allah ya ba ta.

Wani zai ce, a ƙasar da yara ke kwana da yunwa, zancen ƙin abinci shagwaɓa ce ta 'ya'yan Turawa. Haka aka zata a tsibirin Fiji, inda su ma cikar jiki suke yabo. Talabijin ta isa wani yankinsu a 1995. Binciken da wata masaniya mai suna Anne Becker ta jagoranta ya gano cewa zuwa 1998 kimanin kashi 11 cikin ɗari na 'yan matan makarantar da aka tambaya suna amai don rage jiki, abin da ba a samu ba a tambayar farko. Talauci ba ya kare gida daga wannan ciwo, sai dai ya ɓoye shi, domin ramar damuwa da ramar rashi kamarsu ɗaya. Wani kuma zai ce iska ce ko sammu, a je wurin malam. Addu'a ba ta hana awon jini, kuma ciwon ƙin abinci yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafi yawan kisa, don haka jinkiri ne abin tsoro.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne kuɗi, musamman tun da kamfanin ma'adinai na COMINAK ya rufe a ƙarshen Maris 2021 gidaje da yawa suka rasa albashi. Gaskiya ne nama ya yi tsada, amma gyaran farko ba ya cin jika ɗaya. A jinkirta shayi awa guda bayan abinci. A haɗa wake ko zogale da tumatir ko lemon Timiya, domin bitamin C na taimaka wa jiki karɓar ƙarfe. Gujiya da cuku da dabino sun fi biskit da lemon kwalba ga ɗalibi mai fita da sassafe. A daina yi wa yaro ba'a da jikinsa, ko da sunan wasan kaka da jika. In kuma aka ga matashi ya janye daga kwanon gida, yana rama ko kumbura cikin gaggawa, al'ada ta ɗauke, barci ya ƙaurace, ko yana furta cewa rayuwa ta ishe shi, a zauna da shi cikin sirri a saurare shi, sannan a kai shi cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa a nemi gwajin jini, tare da ƙwayar da yake sha a hannu don ma'aikacin lafiya ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2011 cewa a riƙa ba 'yan mata ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa. Ya kamata ƙungiyoyin iyayen ɗalibai a Cirozerin da Arlit su nemi a aiwatar da hakan a makarantunsu.