Injin Wanki Na Haya: Manhajar Da Za Ta Dace Da Kafanchan

KAFANCHAN — A ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'o'in Ingila da Amurka, ana biyan kuɗin injin wanki na haya ta wayar hannu, da manhajoji irin su Circuit da PayRange. Ɗan kasuwar da ke son kawo wannan sana'a Kudancin Kaduna, inda reshen Jami'ar Jihar Kaduna na Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya suka tara ɗalibai, zai tafka asara muddin ya kwafo tsarin yadda yake.

Dalili kuwa shi ne wutar lantarki. A nan ana iya ɗauke wuta tufafi na cikin ruwa, alhali an riga an cire kuɗin mai wanki.

Saboda haka wajibi ne shafin farko na manhajar ya amsa tambayoyi 3 da manyan haruffa: wane inji ne babu kowa a kansa, minti nawa ya rage, kuma ina makomar kuɗin idan aiki ya tsaya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa jama'a biya ta waya, ya kuma ɗanɗana musu ɗacin kuɗin da suka maƙale. Bugu da ƙari, ya kamata a tanadi lambar USSD domin masu ƙaramar waya.

Abokin gasar injin shi ne mai wanki da guga na unguwa, wanda ake tarar da shi ido da ido idan riga ta ɓace. Manhajar da ba ta mayar da kuɗi nan take ba za ta ƙwace masa ciniki ba.